Rufin Aji Uku: Littafin Aikin Gyaran Makarantarmu

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Yau kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya ɗora mini riƙon littafin wannan aiki, don haka bari in fara da abin da ya tara mu. Makarantarmu sakandaren jeka-ka-dawo ce ta gwamnati, maza da mata, a bakin garin Birnin Kebbi. Lokacin da na yi ta, daga ƙofar aji kana hango fadama ba abin da ya tare maka gani. Yanzu gari ya cim mata, har ya wuce ta gefen gabas. A yamma tsohon ƙauye ne, manoman shinkafa da masunta, su ne masu 'ya'ya a makarantar. A gabas sabuwar unguwa ce, gidajen ma'aikata masu dogayen katangu, yaransu kuwa motar makarantar kuɗi ke zuwa ɗaukarsu da safe.

A farkon daminar bara iska ta yaye rufin ginin da ke da aji uku. Tun daga nan aka gwamutsa yara. Na ƙirga 'yan JS1 da kaina ranar Laraba: 118 a ɗaki guda, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Sauran suna ƙarƙashin dogonyaro cikin wannan hunturu.

An yi taron a filin makaranta bayan la'asar. Wani dattijo ya ce mu jira, tunda gwamna Nasir Idris malami ne, har shugabancin ƙungiyar malamai ta ƙasa ya yi. Wani ya kawo zancen shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata da gyaran makarantu, wanda Kebbi na cikin jihohi bakwai da aka fara da su. Shugaban makaranta ya ce takarda ta tafi inda ya kamata, kuma makarantun da ke kan layi suna da yawa. Sai shugabar mata ta miƙe ta ce, "Malam, layi dai za ya zo, amma hadari ba ya bin layi." Nan magana ta ƙare.

Maigari ya rufe taro da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani matashi daga baya ya ce, "Ranka shi daɗe, da jinka ce ai da tuni mun ɗauka, kwano ne." Har Maigarin sai da ya dara.

Ƙiyasin birkila da kafinta: ₦2,900,000. Alkawarin baki: ₦1,650,000 da buhun shanshera 20 idan an yanke shinkafar rani. Abin da ya shigo hannu a wurin: ₦212,000. Daga sabuwar unguwa mutum biyu suka zo, cikin gida fiye da arba'in da muka kai wa takardar gayyata.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun bi masu alkawari gida-gida. An samu ₦305,000. Jimla ₦517,000. Na koyi cewa mai alkawarin dubu biyar ya fi saurin cikawa a kan mai alkawarin dubu ɗari.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Tsofaffin ɗalibai sun turo ₦640,000 ta zaurensu na WhatsApp, amma sai da aka kai ruwa rana. Wani da ke Abuja ya ce ba zai saka sisi ba sai ya ga asusun banki mai sa hannun mutum uku, don an taɓa tara kuɗin fenti shekarun baya, fentin bai hau bango ba. Raina ya ɓaci da farko, na ɗauka ni ake nufi. Da na kwana na tashi na ga gaskiyarsa. Yanzu ba a cire kuɗi sai da hannun shugaban kwamiti, da shugaban makaranta, da shugabar mata. Ni rubutu kawai nake yi, kuma duk rasit sai na ɗauki hotonsa na tura zauren. Jimla ₦1,157,000.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Mata sun kawo kwasar adashinsu, ₦150,000. An zaga da kwano a masallacin Juma'a, ₦83,000. Jimla ₦1,390,000.

Litinin, 3 ga Maris

An rufe makarantu a ƙarshen Fabrairu saboda azumi, sai bayan Sallah za a dawo. Wannan ya ba mu fili, ba yaron da katako zai faɗo wa.

Yau kafinta ya hau ya sauke ragowar tsohon rufin, kuma yau na gane dalilin da ya sa iska ta ɗauke shi kamar faifai. Ya kira ni ya nuna mini katakon da ke kwance a kan bango, wanda duk rufin ke zaune a kansa. Ba a ɗaure shi da komai ba. Ajiye shi kawai aka yi a kan bulo aka shafe da siminti. Ga shi kuma gara ta cinye cikinsa, ya soka ɗan yatsa ya shige. Ya ce, "Sakatare, wagga ba iska ta yaye ta ba, ita dai ta iske shi a tsaye ta ba shi hannu." Bayaninsa shi ne, idan iska ta shigo ta tagogin da ba marfi, tana tura kwano daga ƙasa, wadda ke wucewa ta sama kuma tana zuƙarsa. Rufin da ba a ɗaure da gini ba, nauyinsa kaɗai ke riƙe shi, kuma kwano ba nauyi gare shi ba.

Saboda haka muka yanke: sai an zuba linta ta kankare ta zagaye ginin duka, a dasa langalanga a ciki tun kankaren yana ɗanye, da ita za a naɗe katako. Wasu sun so a tsallake wannan a sayi kwano kai tsaye, don shi ne ido ke gani. Ban yarda ba. Kwano a kan ruɓaɓɓen zama, kyauta ce ga iskar baɗi.

Sayayyar yau: siminti buhu 28 a kan ₦10,200, ₦285,600. Rodi mai kauri 30 a kan ₦10,500, ₦315,000. Ƙaramin rodi da wayar ɗauri ₦68,000. Yashi tifa ɗaya ₦55,000. Tsakuwa ₦90,000. An kashe ₦813,600, saura ₦576,400. Tsofaffin kwanukan mun jibge su bayan ginin, sai mai gwangwan ya zo.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗaurin rodi. Leburori suna farawa bayan asuba su tashi ƙarfe goma sha ɗaya. Ba mai iya riƙe ƙarfe da tsakar rana da bakin azumi.

Talata, 11 ga Maris

Rana marar daɗi. Birkila na kafa allunan da za a zuba kankare a bangon gabas, sai ya ji bangon yana motsi. Da aka kankare shafen, ga tsaga tun daga saman taga har kusurwa, hannu na shiga. Damina guda da bangon ya yi ba rufi, ruwa ya bi ramukan bulo ya sauka ciki, bulon kuma dama yashi ya fi yawa. Ka murza shi da hannu ya zama gari.

An yi gardama sosai a gindin bangon. Shugaban kwamiti ya ce a cusa siminti a tsagar a wuce, kuɗi ba su kai ba. Birkila ya ajiye cokalinsa ya ce, "Alhaji, in dai haka za a yi, a nemo wani. Ɗiyata na JS2, a ɗakin nan za ta zauna." Ba wanda ya sake cewa uffan. An rushe layi biyar na sama da kusurwar baki ɗaya.

Bulo 150 a kan ₦600, ₦90,000. Ƙarin siminti buhu 6, ₦61,200. Wannan ₦151,200 ba ya cikin ƙiyasi, kuma ya ci mana kwana huɗu. Laifinmu ne ta wata fuska: da mun rufe kan bangon da ko leda ce tun bara, da ba a kai nan ba. Muna ta jiran amsar takarda, bango yana shan ruwa.

Asabar, 15 ga Maris

An zuba linta, da daddare bayan asham, da hasken fitilun babura uku da na waya. Samarin ƙauye kusan talatin suka yi layi suna miƙa kwanon kankare. Mata suka aiko da kunu da fura. An gama wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Na daɗe ban ga filin nan da rai haka ba, sai ranar zaɓe ko ranar da ake buga ƙwallo.

Matsalar da ta biyo baya ruwa ce. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla mako guda, in ba haka ba a zafin nan da ke haura digiri 40 sai ya bushe kafin ya yi ƙarfi, ya tsattsage. Famfon makaranta ya shekara biyu bai kawo ɗigo ba. Na je gidaje uku a sabuwar unguwa masu burtsatse in roƙi a ja mana tiyo. Biyu maigadi ya ce mai gida ba ya nan. Na uku ya ce injinsa ba ya son wahala. Muka koma wa 'yan garuwa.

Lahadi, 23 ga Maris

An gama ban ruwa. Kuɗin 'yan garuwa ₦34,000, kuɗin birkila da yaransa da hayar alluna ₦180,000. Saura ₦211,200. Ko katako ɗaya ba mu saya ba.

Laraba, 26 ga Maris

Goman ƙarshe ta yi mana rana. Wani ɗan kasuwar shinkafa ya aiko yana tambaya ko zai iya saka zakkarsa a aikin. Muka je wurin Liman. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ake ciki." Ya ce zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata, gini ba ya cikinsu, amma ƙofar sadaka mai gudana a buɗe take. Muka mayar da amsa yadda take, ina fargabar kuɗin sun tafi kenan. Washegari ya turo ₦500,000 a matsayin sadaka, ya ce kar a faɗi sunansa. Masu tsohon alkawari ma sun cika ₦280,000. Jimla ₦991,200.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Yau muka shiga kasuwar 'yan katako. Tubaifo da tubaitiri (katako mai inci 2 da 4, da mai inci 2 da 3) da allunan gaba, ₦520,000. Maganin gara da baƙin mai ₦38,000. Ƙusa da ƙarin langalanga ₦72,000. Saura ₦361,200. Kafinta bai samu zuwa ba, yana wurin rasuwa a Kalgo. Ni da shugaban kwamiti muka zaɓa, sauran aka ce za a loda mana da yamma.

Litinin, 7 ga Afrilu

An koma makaranta. Mun kewaye wurin aiki da igiya, an sa 'yan SS2 biyu suna korar ƙanana lokacin tara.

Asabar, 12 ga Afrilu

Katakon ya ba mu kunya, ko in ce mu muka ba kanmu. Kafinta ya dawo ya buɗe tarin, kusan kashi ɗaya cikin uku ya lanƙwashe kamar baka. Ɗanye ne, bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba. Na sama da muka gani busasshe ne, na ƙasa da aka loda bayan tafiyarmu shi ne ɗanyen, mu kuma muka zube shi a rana ba tare da mun jera shi da tazara ba. Kwana tara a ranar Afrilu, ya murɗe.

Kafinta ya ɗaga guda biyu ya miƙo mini, ɗaya a kowane hannu. Ɗanyen ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ya ƙwanƙwasa su da guduma, busasshen ya yi ƙara, ɗanyen ya yi dum. Ya ce, "Da kun jira ni kwana biyu." Ba ni da amsa.

Mun koma wurin mai katakon har sau uku. Da farko ya ce kaya in sun bar rumfa sun bar hannunsa. Sai da muka haɗa da shugaban 'yan katako, aka zauna a kan benci kusan awa biyu, sannan ya yarda ya canja 48 daga cikin 70, mu biya mota zuwa da dawowa. Sauran 22 kafinta ya ce zai yayyanka su ya yi ƙananan tokare. Mota ₦45,000. Kafin alƙalamin kafinta ₦120,000. Saura ₦196,200.

A zauren WhatsApp an wanke ni tas. Na tura hoton katakon da kaina kafin wani ya riga ni, na rubuta cewa kuskurenmu ne. Mutumin Abuja, wanda na zata shi zai fi kowa zafi, cewa ya yi tunda an faɗi gaskiya a wuce wurin.

Laraba, 23 ga Afrilu

An shafe katako da maganin gara, an kafa ƙwarangwal ɗin rufi a aji uku duka, an naɗe kowace ƙafa da langalanga. Na ja ɗaya da dukkan ƙarfina, ko gezau.

Shugaban makaranta ya roƙi a daina buga guduma a ranakun da 'yan SS3 ke rubuta WAEC, don ɗakin jarrabawar yana jingine da wurin aikin. Ya ba mu jadawalin, mun manna shi a jikin bango.

Litinin, 5 ga Mayu

Shinkafar rani ta shigo. Cikin buhu 20 na alkawari an kawo 17. Mutum uku sun ce kuɗin fetur na injin ban ruwa ya cinye su, kuma na san gonakinsu, ba ƙarya suka yi ba. Wata tsohuwa da ba ta cikin masu alkawari ta aiko jikanta da tiya biyar a ƙullin zane. Na je har gida na ce, "Inna, ai da kin bar shi, ke ma kina buƙata." Ta ce, "Ɗana, karɓi. Ni ban yi boko ba, amma na san zafin rana." An zuba a cikin buhunan da ba su cika ba.

Inda lissafi ya karye shi ne farashi. A Janairu mun ƙiyasta buhu ₦50,000. Yau da ƙyar aka saya ₦38,000, kowa ya yanke lokaci guda, kasuwa ta cika. An so a ajiye zuwa gaba ko zai tashi, amma gabas ta fara haɗa gira da yamma. Muka sayar: ₦646,000. Jimla ₦842,200.

Rufin yana cin bandir 15, kowane bandir falle 20, a kan ₦68,000. Ba za su kai ba. An yanke a rufe aji biyu, na uku ya jira.

Asabar, 10 ga Mayu

Bandir 10, ₦680,000. An buga a kwana uku. Kafinta ya karɓi ₦90,000. Saura ₦72,200. Ranar Litinin za a raba 'yan JS1 gida biyu. Benci bai isa ba, za su zo da tabarmi.

Talata, 20 ga Mayu

Jiya da magariba iskar farko ta zo, ja wur da ƙura, kafin ruwa ya biyo. Ban iya zama a gida ba, na ɗauki tocila na nufi makaranta. Sabon rufin yana ta kuka amma ko falle ɗaya bai ɗaga ba. Har na fara hamdala, sai na ji ƙarar ƙarfe daga bayan ginin.

Tsofaffin kwanukan nan ne da muka jibge tun 3 ga Maris. Mai gwangwan ya yi tayi sau biyu muna cewa bai kai ba, daga nan kowa ya manta. Iska ta kwashe su ta watsa cikin sabuwar unguwa. Ɗaya ya tsallake katanga ya fasa gilashin gaban motar wani ma'aikaci. Allah Ya tsare ba mutum a tsakar gidan. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, don da yaro ya samu da wani zancen ake yi.

Da safe mai motar ya zo a fusace, yana neman wanda zai kai ƙara. Shi ne mai injin da ba ya son wahala. Shugaban makaranta ya tarbe shi da "Yallaɓai, sannu da zuwa, laifinmu ne," ya ja shi ofis. Hanyar ofis ta gaban ajin da ba rufi take, inda ruwan jiya ya kwanta, kuma ta gaban 'yan JS2 da ke tsugune a baranda suna rubutu a kan gwiwa. Ya tsaya ya tambayi ko nan suke karatu kullum. Aka ce tun bara. Ya ce shekararsa shida a unguwar, bai taɓa shigowa ba.

Kuɗin gilashi dai bai yafe ba, ₦55,000, kuma ban ga laifinsa ba. Mun biya. Mai gwangwan ya kwashe abin da aka tsinto a kan ₦31,000, ƙasa da tayinsa na farko. Saura ₦48,200.

Alhamis, 22 ga Mayu

Motar a-kori-kura ta sauke bandir biyu a makaranta, daga mai motar nan. Ya kuma sa maganar a zauren masu gidajen unguwarsu, an haɗo ₦165,000. Malamai sun tara ₦60,000 daga albashinsu, abin da ban so ba, amma suka ce kar in raina musu. Jimla ₦273,200. Kwano ya ƙara kuɗi, ₦70,000 yanzu. Bandir uku, ₦210,000. Cikon kafinta ₦40,000. Saura ₦23,200.

Lahadi, 1 ga Yuni

An buga fallen ƙarshe jiya da hantsi. Katakon aji na uku ya sha ruwa sau biyu, kafinta ya bar shi ya sha iska kwana uku kafin ya rufe. An samu ɗigo wuri biyu a aji na farko inda ƙusa ta kauce, an toshe.

Kuɗin da ya bi ta hannunmu ya haura ƙiyasin Janairu, kuma ba silin, ba marfin taga ko ɗaya. Tagogin su ne gaba, don ta nan iska ke shiga ta tura rufi: guda 12, mai walda zai kawo farashi ranar Laraba. Bayan su benci, aƙalla 45. Silin sai baɗi, duk da na san da azahar ɗakunan za su zama tanda, kuma in ana ruwa ba mai jin malami.

Malamin aikin gona ya nemi a ba 'yan JS2 dashen dogonyaro 40 a jere ta gefen gabas, kowane yaro biyu da bishiyarsu, yanzu da ƙasa ta jiƙa. Matsalar awaki ce, makarantar ba katanga, sai an yi wa kowace kewayen ƙaya. Zancen katangar kanta ya sake tasowa. Tun sace ɗaliban da aka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 iyayen 'yan mata ba su daina tambayarta ba, sai dai wannan ya fi ƙarfin adashi da shanshera, za mu sabunta takarda.

Mai motar ya yarda a ja tiyo daga gidansa don ban ruwan dashen idan an yi fashin ruwa, da sharaɗin mu sayi tiyon. Mun kuma ba sabuwar unguwa kujera ɗaya a kwamiti, ba su turo suna ba tukuna. Taro na gaba Asabar 14 ga Yuni, bayan Babbar Sallah. A asusu akwai ₦23,200, ana bin masu alkawari ₦1,065,000.